Baba na share min mota kowace safiya, fentin kuma sai dusashewa yake

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi baƙar mota, ita ce ta farko a rayuwata. Saboda aiki ba na samun kai ta wanki sai bayan mako biyu. Mahaifina tsohon direba ne da ya ajiye aiki. Kowace safiya kafin in fito ya riga ya ɗauki tawul ya share mata ƙura tas. Yanzu in rana ta haske ta sai in ga wasu siraran zane-zane a bonet da ƙofofi, sheƙinta ma ya ragu. Ga kuma shatar kashin tsuntsu a rufinta da ta ƙi fita ko bayan wanki. Wani ya ce min gugar ce ke jawowa. Ina jin nauyin hana Baba, don na san ƙauna ce ta sa yake yi. Yaya zan yi motar ta zauna da tsabta tsakanin wanki da wanki, ban ɓata fentin ba, ban kuma ɓata wa mahaifina rai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya sanya albarka a motar, Ya tsare hanya, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wanda ya ce miki gugar ce ya faɗi gaskiya. Sai dai laifin na busasshen tawul ne a kan busasshiyar ƙura. Ko wa ya riƙe tawul ɗin, ke ce ko Baba ko mai wankin mota, abin da zai biyo baya ɗaya ne.

Bari in fara da fentin kansa, don in kin san abin da ake gogewa, sauran maganar za ta zo miki da sauƙi. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A jikin ƙarfe akwai shafen hana tsatsa, sai shimfiɗa, sai launi, sannan a can sama wani shafe garai-garai marar launi. Wannan na saman shi ne ke sheƙi, shi ne kuma ke kare launin daga zafin hasken rana. A yawancin motocin da suka fito daga kamfani, kaurin fentin gaba ɗaya bai wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, na saman kuwa wajen maikiron 40 zuwa 50. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Takardar rubutu ta kan kai maikiron 100, wato duk sheƙin motarki yana zaune ne a kan abin da bai wuce rabin kaurin takarda ba.

Ita kuma ƙurar da muke rainawa, a ido gari ce mai laushi, amma cikinta akwai ɓarɓashin yashi. Wani masanin ma'adinai Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin abubuwa a 1812, daga 1 zuwa 10. A ma'aunin nan daimon ne 10, ƙwayar yashi 7, gilashin taga wajen 5 da rabi, farcen mutum 2 da rabi. Yashi ya fi gilashi tauri, balle fenti. Duk safiyar da tawul ya bi ta kan bonet a bushe, kwasar yashin yake yi yana jan sa a kan wancan siririn shafe, tamkar an bi shi da samfefa mai laushi. Rana ɗaya ba a ganin komai. In an yi wata uku ana yi, dubban ƙananan karce sun taru, kowanne yana karkatar da haske nasa wajen, shi ya sa sheƙin ya ragu. Farar mota ma tana samun wannan karcen, launinta ne ke ɓoye shi. Baƙa da shuɗiya mai duhu ba sa rufa asiri.

Akwai abin da nake so ki sani game da Baba. Irin wannan fenti mai shafe a sama sai a shekarun 1980 ya fara game motoci. Kafin nan launi da sheƙi a haɗe suke cikin shafe ɗaya, kuma idan samansa ya dusashe, guga da man gogewa kan fito da sabon launi daga ƙasa. Direban da ya koyi aiki a kan irin waɗancan motoci ya ga amfanin guga da idonsa shekara da shekaru. Abin da yake yi ilimi ne da ya samu a bakin aiki, fentin ne ya canza.

To, ga abin da na fi so ki riƙe cikin duk amsar nan: ƙurar da ke kwance a kan mota ba ta cin fenti. Tana iya kwana goma a wurin, a wanke ta, fentin ya fito lafiya lau. Ɓarnar tana farawa ne lokacin da aka ja ta. Saboda haka a mafi yawan ranaku, abin da ya fi wa motar alheri shi ne a ƙyale ta da ƙurarta har ranar wanki. Na san wannan yana da wuya ga mai sabuwar mota, musamman baƙa, wadda ko awa biyu ba ta yi bayan wanki sai ta fara fari. Amma ƙura ruwa ke ɗauke ta, karce kuwa sai an ci wani abu daga jikin fentin kafin ya tafi. Ko yara masu rubuta suna da yatsa a jikin mota mai ƙura, a hana su cikin lalama, don rubutun kan bar shata. Haka jingina da jikinta, da ɗora jaka ko kwali a kan but a jawo.

Akwai ƙurar da ba a barin ta kwana: ta siminti. In kin ajiye mota kusa da inda ake gini, garin siminti ya sauka a kanta, raɓar dare ko yayyafi za su jiƙa shi ya kama jikin fentin. Wannan a ɗauraye shi da ruwa mai yawa a ranar, ba a sa masa hannu.

Abubuwan da ke buƙatar gaggawa daban suke, kuma abin mamaki su ne mutane suka fi bari sai ranar wanki. Na farkonsu kashin tsuntsu. Tsuntsu ba ya fitsari daban, farin da kike gani a kashinsa asid ne da jikinsa ke fitarwa, ga kuma 'yan tsakuwa da ƙwayoyin da ya haɗiya. Jikin baƙar mota a tsakar rana yana iya wuce digiri 70 a ma'aunin salshiyos. A wannan zafin shafen sama kan yi laushi ya ɗan buɗe, kashin kuma ya bushe ya ƙame. Da dare ya yi, fentin ya huce ya tsuke, sai ya ɗauki siffar abin da ke kansa. Shatar da ke rufin motarki ke nan. A lokacin zafi, yini ɗaya ya isa a samu haka. Kashin jemage ma haka yake yi.

Yadda ake cire shi: a jiƙa tsumma mai laushi sharkaf, a shimfiɗa a kan wurin, a bar shi minti biyar zuwa goma har kashin ya jiƙu. Sannan a tattaro shi a ɗaga sama, ba a dirza. In da saura, a sake jiƙawa da wani gefen tsumman. Kada a kankare da farce ko kati ko takarda, kuma a wanke hannu bayan an gama, don kashin tsuntsu yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ki ajiye ƙaramar kwalbar feshi da tsumma biyu cikin leda a motar, don abin ya fi samun mutum a waje.

Ƙwarin da ke mutuwa a bamba da bakin bonet bayan tafiyar dare su ma suna cin fenti in suka bushe a rana, kuma jiƙawa ce maganinsu. Ƙaron bishiya in sabo ne ruwan ɗumi da sabulun mota kan cire shi. In ya ƙame, a ɗiga sipirit kaɗan a tsumma a dafa a wurin har ya saki, a ɗauraye nan take, amma a fara gwadawa a wani lungu da ba a gani. Fetur da ya zubo ta bakin tanki a dafe shi da tsumma kafin a bar gidan mai. Man birki kuwa in ya ɗiga a fenti, a bi shi da ruwa mai yawa a take, don yana cin fenti da sauri ƙwarai. Tina, wato ruwan tsinka fenti, da ruwan goge jan farce kada su kusanci jikin mota, ko da wani ya rantse miki suna cire tabo.

Yanzu ranar da lallai kina son motar ta fita fes, ga shi ba ranar wanki ba ce. Ki fara duba ƙurar da ido. In siririya ce, kina hango sheƙin fentin ta cikinta, ana iya share ta da ruwan feshi na musamman da ake yi don wankin mota ba tare da ɗauraya ba. Aikinsa santsi: yana lulluɓe ƙwayar yashi ya raba ta da fentin, tsumma ya ɗauke ta. In kuwa launin motar ya canza, ko akwai laka, ko an yi tafiya a hanyar da ba kwalta, babu feshin da zai isa. Wannan sai ruwa da bokiti, ko a haƙura.

Tsumman yana da muhimmanci kamar ruwan feshin. Tsohon tawul na wanka da tsohuwar singileti suna tura yashi ne a gabansu. Tsumman maikirofaiba zarensa sirara ne ƙwarai kuma a tsage suke, suna janye ƙurar zuwa cikin jikinsu. A nemi mai gashi-gashi da kauri, a cire ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a gefensa don shi ma yana karce. In an ninka shi biyu, an sake ninkawa, an samu fuska takwas. Ana aiki a inuwa, bayan an taɓa jikin motar da bayan hannu an ji ya huce. A fesa wa ɓangare ɗaya, misali rabin bonet, har ya jiƙe sosai, a ɗan jira, a ja tsumman sau ɗaya a miƙe ba tare da dannawa ba. A juya sabuwar fuska a ja layi na gaba. Sannan a bi da wani busasshen tsumman a tsane. Daga rufi ake farawa a gangaro, ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi su ne na ƙarshe, don can yashi ya fi yawa. Mota ɗaya tana cin tsumma huɗu zuwa shida, kuma wanda ke son ya gama da guda ɗaya ya koma gidan jiya.

Tsumman wili daban, har abada. Baƙar ƙurar da ke taruwa a wili ɓarɓashin ƙarfe ce daga birki, in ta shiga tsumman jiki ta gama da shi. Duk tsumman da ya faɗi ƙasa kuma an sallame shi sai an wanke. A wanke su su kaɗai, ban da ruwan laushin tufafi don yana toshe zaren, a shanya a inda ƙura ba ta kai, a adana cikin leda ko roba mai murfi.

Akwai mai tambaya, to in watsa mata ruwa kawai mana? Ruwa yana sauke mafi yawan ƙurar, kuma ya fi busasshiyar guga nesa ba kusa ba. Matsalarsa biyu. In aka bar shi ya bushe a rana, ruwan ya tafi ya bar gishirin ƙasa da ke cikinsa, kalsiyam da maganiziyam, su ne fararen ɗige-ɗigen nan, kuma in suka daɗe suna cin fenti. Ruwan rijiya da na burtsatse sun fi yin haka. In kuma aka tsane da tawul, akwai sauran datti da ruwa kaɗai bai ɗaga ba, an dawo maganar guga. Mafita ita ce bayan an watsa ruwan, a ɗan fesa ruwan santsin nan kafin a tsane. Ɗige-ɗigen da ba su daɗe ba kuwa, ruwan khal rabi da tataccen ruwa rabi kan narkar da su, a ɗauraye bayan minti ɗaya, a tuna cewa yana tafiya da kakin mota da ke wurin, wato man sheƙi da ake shafa wa fenti don kariya. Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don yanke maiƙo, saboda haka suna wanke kakin da ke kare fentin. A bar su a inda aka san su.

Maganar kaki ita ce ke rage miki duk wannan wahalar. Fentin da aka shafa wa kakin mota yana da santsi, datti ba ya kama shi sosai, kashin tsuntsu kuma sai ya ratsa kakin kafin ya iso ga fenti, wanda ke ba ki ƙarin lokaci. Kakin karnauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil, yana ba baƙar mota sheƙi mai zurfi amma ba ya jimawa, wata ɗaya zuwa uku, zafi kuma na rage masa kwana. Na haɗin sinadari kan kai wata huɗu zuwa shida. Shafen siramik yana iya yin shekaru in ƙwararre ya yi shi. Sai dai kada a ruɗe ki: babu ɗayansu da ke hana yashi karce, har siramik ɗin. Mai mota da yawa ya kashe kuɗi a kansa ya ci gaba da guga a bushe, ya dawo yana ƙorafi. Gane ko kakin na nan abu ne mai sauƙi. In ruwa ya zuba ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, yana nan. In ya baje ya kwanta, lokacin sabo ya yi.

Rigar mota ina ba da shawararta da sharaɗi. A kan motar da aka wanke ake sa ta. In aka lulluɓe mai ƙura, iska ta kwana tana kaɗa rigar, to rigar ta yi aikin tawul har gari ya waye. Ta zama daidai jikin motar, mai laushi ta ciki, mai barin iska ta ratsa. Tamfol da leda suna riƙe danshi da zafi. Ga motar da ke fita kullum, ni ban ga ribarta sosai ba, rumfa ta fi ta. In za ki ajiye mota a ƙarƙashin bishiya ko wayar lantarki, ki dubi ƙasan wurin tukuna. In ya yi fari da kashin tsuntsu ko yana danƙo a takalmi, ki matsa gaba ko da rana za ta same ta. A hanya kuma ki ba motar yashi da tsakuwa tazara.

Sai Baba. Kada ki ce masa ya daina. Mutumin da ya yi rayuwarsa da mota, ya ajiye aiki, ya samu abin da yake tashi dominsa da safe, yana kuma yi wa 'yarsa hidima da shi, in kika karɓe tawul ɗin kin karɓe abin da ya fi tawul. Ki sayo kayan, tsummokaran da kwalbar feshin, ki kai masa lokacin da yake cikin nishaɗi, ku biyu kawai. Ki ce, “Baba, ashe fentin motocin yanzu ba irin na da ba ne, wai ba ya son guga a bushe. Ga abin da aka ce a riƙa amfani da shi, don Allah ka duba min ko haka ne.” Da dare ki haska fitilar waya a bonet ku duba tare, zanen zai fito ɓaro-ɓaro. Direba ya san mota, ba sai an yi masa dogon bayani ba, kuma zai fi karɓar abin da ya gani da idonsa a kan abin da aka faɗa masa. Kada ki ce gugarsa ce ta jawo. Zai gane da kansa, kuma barin sa ya gane shi ne ladabin.

Sannan ki roƙe shi abin da motar ta fi buƙata kowace safiya, wanda ba wanda zai yi miki shi kamarsa: ya zagaya ta ya duba ko tsuntsu ya yi ɓarna a cire da wuri, ya goge gilasai da fitilu da jiƙaƙƙen tsumma, ya duba iskar taya da baƙin mai da ruwan lagireto, ya leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga. Sharar jiki kuma ta koma sau ɗaya ko biyu a mako, da feshi. In kuma duk da haka wata safiya kika tarar da tsohon tawul a hannunsa, ki gaishe shi ki yi godiya, ki sake tuna masa wani lokacin. Ina faɗa miki da zuciya ɗaya, ban yarda a ɗaga wa mahaifi murya a kan fenti ba.

Zanen da ya riga ya samu yana gyaruwa. Ki ja farce a hankali a kan wanda ya fi fitowa. In farcen bai maƙale ba, karcen a shafen sama yake, mai gyaran fenti zai iya goge shi da inji da man gogewa, haka ma shatar kashin tsuntsun in ba ta yi zurfi ba. In ya maƙale, ko kina hango fari ko toka-toka a ciki, ya ratsa, sai taɓin fenti. Ki sani cewa gugar inji tana aiki ne ta hanyar cin 'yan maikiron daga wancan siririn shafe har ya daidaita da gindin karcen, don haka ba abin yi ba ne kowane wata, sau ƙalilan mota ke iya ɗauka a rayuwarta. Ki nemi wanda ke auna kaurin fenti da na'ura kafin ya fara, wanda zai gwada man da ya fi laushi a ƙaramin wuri tukuna, kuma yana taka-tsantsan a gefuna da kusurwoyi inda fentin ya fi siranta. In akwai ɓangaren da aka sake wa fenti kwanan nan, a tambayi mai fentin kafin a shafa masa kaki, yawanci ana jiran wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa. Kada kuma ki yi gaggawar kai ta. Ki bari sabon tsarin ya zauna a gida kamar wata guda, tsohon tawul ya koma aikin taya, sannan a goge ta, a shafa mata kaki a ranar.